Babi na Bakwai: Gida a Kan Taya

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Aboabo, ko Sawaba, ko Asawase a birnin Kumasi, ya san tambayar da ake tarbarsa da ita tun bai gama sallama ba: shekara nawa za ka biya? Dokar haya ta Gana, wadda aka kafa tun 1963, ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida a dunƙule. Sai dai doka tana cikin takarda, mabuɗi kuwa yana aljihun mai gida, shi kuma shekara biyu yake so, lakadan, ban da rabon dillalin da ya nuna maka ƙofa. Saurayin da aka tsayar wa ranar aure yakan kwana yana lissafi: ga sadaki, ga lefe, ga kuɗin ɗakin da ko ya biya ba nasa ba ne, bayan shekara biyu a sake cewa kawo. Hukumomi da bakinsu sun ce gidajen da ƙasar ke buƙata ba ta da su sun kai kimanin miliyan 1.8. A ƙidayar 2021 an lissafa gine-gine miliyan 10.7, kuma ɗaya cikin kowane biyar kontena ce ta ƙarfe, ko kiyos, ko rumfar katako. Ba duka ake kwana a ciki ba, amma wanda ya bi ta Kejetia ko Adum da asuba ya san ana kwana a da yawa daga cikinsu. Waɗanda ba su samu ko wannan ba, irin 'yan matan kayayei masu dako, kwali suke shimfiɗawa a bakin shagon mutane.

Ana cikin wannan hali sai hoton ya shigo ta waya. Motar makaranta ce doguwa irin ta Amurka, an kwashe kujerunta, an shimfiɗa katako a ƙasa, ga gado can ƙurya, ga murhun gas, ga wurin wanka, labule yana kaɗawa a taga, bayan tagar kuma tsauni ne ko bakin teku. Mai motar yana cewa shi da haya sun rabu har abada. Samari suna miƙa wa juna wayar a majalisar shayi, sai wani ya ce, "Wallahi 'yan Magazin za su haɗa wadda ta fi wannan." Bai yi ƙarya ba, maƙeran Magazin ta Suame za su iya. Amma akwai abubuwan da hoton bai ɗauko ba, kuma su ne suka fi nauyi.

Motar nan tana da asali. A watan Afrilun 1939 wani malami mai suna Frank Cyr ya tara wakilan jihohin Amurka 48 na wancan lokaci a Jami'ar Columbia da ke New York, tare da masu ƙera motoci da masu haɗa fenti, suka tsayar da ƙa'idoji 44 na yadda motar ɗaukar ɗalibai za ta kasance. A zaman nan aka zaɓi rawayan da aka san ta da shi, domin baƙin rubutu ya fi fitowa a kansa da duku-dukun safiya. A 1977 gwamnatin tarayya ta ƙara tsaurara doka: dole rufin ya iya jure nauyi in motar ta kife, dole mahaɗan ƙarfen jikinta su riƙe in an yi karo. Shi ya sa jikinta ya fi na sauran motocin fasinja ƙwari nesa ba kusa ba, don 'ya'yan mutane aka ƙera ta. Kamfanoni irin su Blue Bird a jihar Georgia da Thomas a North Carolina suna ta fitar da sababbi. Yau akwai kusan rabin miliyan a kan hanya, suna kwasar yara fiye da miliyan 20 kowace safiya. Idan mota ta yi shekara 12 zuwa 15, hukumar makaranta takan sallame ta, a yi gwanjonta, sau da yawa injin yana da lafiyarsa, a sayar da ita a kan 'yan dubban daloli. Wasu a gangara da su Guatemala, a yi musu fenti mai ƙyalli su koma motocin haya. Wasu kuma su faɗa hannun masu son mayar da su gida.

Ba yau Amurkawa suka fara ba. A 1964 marubuci Ken Kesey da abokansa suka ratsa ƙasar a cikin wata tsohuwar motar makaranta ƙirar 1939 da aka sa wa gadaje. Amma abin ya ƙara yawa ne bayan karayar arzikin 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace gidajen miliyoyin mutane. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi sawun dattawan da suka koma zama a mota suna yawon neman aikin wucin gadi, ta rubuta littafin Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi da shi kuma ya ci kyautar Oscar a 2021. Mazauna mota a can kashi biyu ne. Akwai mai aikinsa a kwamfuta da ya zaɓi yawo, shi ne mai labulen da ke kaɗawa a hoto. Akwai kuma wanda haya ta fi ƙarfinsa, yana neman lungun da zai kwana ba tare da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa masa gilashi ba. Na biyun ya fi kama da mu, shi ne kuma ba ya cika sa hotonsa a intanet.

Matsala ta farko a Kumasi ita ce motar kanta. Dabarar Amurkawa ta tsaya ne a kan rara: ƙasa ce da ke yar da mota tana da rai. A nan mota ba ta mutuwa da wuri. Bas ɗin da makarantar kuɗi ta gaji da shi, gobe za ka gan shi yana ɗaukar ma'aikata, ko 'yan coci, ko masu zuwa jana'iza ƙauye. Ƙaramar kuwa ta shiga layin trotro, wanda sunansa ya fito daga "tro", kuɗin nan da Hausawa ke kira taro, kwabo uku, kuɗin mota na zamanin da. Duk motar da ke iya motsi tana kawo kuɗi kullum, kuma mai hankali ba ya ɗaure saniyar tatsa a ɗaki. In ta mutu ɗin ma ba a bar ta ta huta ba. 'Yan kondem na Dagomba Line da Akwatia Line suna jiranta da guduma da kurfi: injin ya tafi wajen masu kayan gyara, sanholo ya tafi wajen masu zuba tukwane, sauran ƙarfen a auna a kan sikeli a loda zuwa masana'antun narka ƙarfe na Tema. Mai son gangar jikin bas don ya yi ɗaki, da waɗannan zai yi takarar farashi, kuma sun san kuɗin kowane kilo.

Ana iya shigo da ita daga Amurka. Sitiyarinta ya dace da hanyoyin Gana, tunda ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 4 ga Agustan 1974. Amma sai an biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Tema, an biya kwastan, an biya tarar da ake ɗora wa motar da ta wuce shekara goma. Kafin ta iso Kumasi arhar da ta sa aka yi sha'awarta ta narke.

Abin da Kumasi ke da shi wanda Ba'amurke zai yi ƙyashi shi ne hannu. Magazin ta Suame, wadda ta samo sunanta daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka da maƙera da makanikai suka fara taruwa kusa da ita a shekarun 1930, tana cikin manyan matattarar masu sana'ar ƙarfe a Afirka. Ana ƙiyasta masu cin abinci a cikinta sun kai 200,000. Tun zamanin motocin Bedford, kafintocin garin nan suke karɓar inji da ƙarfen gindin mota tsirara su gina mata jiki na katako, da benci, da rufi, da rubutun hikima a goshi. Kamfanin Neoplan ya kafa masana'antar haɗa manyan bas a Kumasi a 1974. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe cibiya a cikin Magazin a 1980 don haɗa ilimin aji da na bakin maƙera. Aikin da Ba'amurke ke shekara guda ko biyu yana koya daga bidiyo yana yi shi kaɗai a ƙarshen mako, a nan akwai masta da yaransa da suka yi irinsa tun ba a haifi mai motar ba.

To, a ce an samu motar. Babba daga cikinsu tsawonta ƙafa 40 ne, faɗinta ƙafa 8 daga waje. In an cire wurin direba da kaurin bango, abin da ya rage bai wuce faɗin ƙafa bakwai da rabi ba, tsawo kuma talatin da 'yan kai. Wato murabba'in ƙafa 240 ko kusa da haka. Ɗakin haya na ƙafa 12 sau 12 yana da 144. Bas ɗin ya ɗan gaza ciki da falo ke nan, sai dai a miƙe yake kamar lungu, kuma tsayin rufinsa ƙafa shida ne zuwa shida da rabi a tsakiya. Dogon mutum zai yi ta sunkuyo sai fa in an yanke ginshiƙan an ɗaga rufin an sake walda, aikin da bai kamata a ba ɗan koyo ba.

Cire kujeru aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki da sifana, ɗaya kwance ƙarƙashin mota yana riƙe da noti. Daga nan a ɓamɓare robar ƙasa da tsohon katako, a ga gaskiyar da ke ɓoye, wato tsatsa. Motocin da suka yi aiki a arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi don narka ƙanƙara, gindinsu yakan ci ya huje. Duk wanda ya rufe tsatsa da katako mai kyau, kansa ya yaudara, domin Kumasi ba Agadas ba ce. Damina biyu gare ta a shekara, ruwan da take samu ya kai milimita 1,400, kusan ninki biyu na abin da Katsina ke samu, iskarta kuma a jiƙe take ko ba a ruwa. Sai an kankare ƙarfen har ya yi fari, an toshe kowace huda da kujerun suka bari, an shafa fentin hana tsatsa, sannan a yi maganar ado.

Su can sanyi suke yaƙa, mu zafi. Akwatin ƙarfe a rana tanda ce, duk wanda ya taɓa zama a trotro da azahar yana jiran ta cika ya san haka. Soso ko audugar gilashi a tsakanin ƙarfe da silin suna taimakawa, farin fenti a saman rufi yana taimakawa, amma a ganina babu abin da ya kai rufi na biyu: a kafa ginshiƙai, a ɗora kwano a saman motar, a bar tazarar da iska za ta ratsa. Wannan rumfa tana tare rana, tana kare rufin daga ruwa, tana rage ƙarar ruwan sama, kuma ana iya tara ruwanta a tanki. Tagogi kuwa su ne alherin motar makaranta, jere suke dama da hagu, iska tana shiga ta nan ta fita ta can, abin da ɗakin haya mai taga ɗaya ba ya samu. Sai dai kowacce tana son ragar sauro da sandunan ƙarfe. Katakon ciki a nemi mara nauyi. A kasuwar katako ta Sokoban akwai wawa, wanda sunan itace ne a harshen Asante, sakayau ne kuma yana da arha, amma sai an yi masa maganin gara. Odum ya fi ƙarko, ya kuma fi nauyi da tsada.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda ya faranta mini rai. Mai son rage zafi zai ajiye motar kanta yana kallon gabas ko yamma, don dogayen ɓangarorinta masu tagogi su fuskanci kudu da arewa, kada rana ta dake su safe da yamma. Alƙiblar Kumasi kuwa gabas ce maso arewa. Ke nan in an ɗan karkata motar, mai salla zai tsaya a tsawon lungun tsakiya ya samu wurin sujada ba tare da ya buga kai da bango ba, kuma in an gitta mazaunin bayan gida ya kalli gefe, mai amfani da shi bai fuskanci alƙibla ba, bai kuma ba ta baya ba. Abin da rana ke so da abin da malam zai ce sun zo ɗaya.

Wuta ba ta da wuya kamar da. Shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016, sun koya wa mutanen Gana sola da batir da inbata, kuma rufin bas yana da filin da zai ɗauki faifan sola da za su riƙe fitila, fanka, cajin waya da ƙaramin firji. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa sai mai ƙarfi.

Ruwa ne wurin da hoton ke fara yin shiru. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 400 nauyin buhun sumunti takwas ke nan, kuma dole a san inda za a ɗora shi don kada motar ta karkace. Mazauna bas a Amurka suna koyon wanka da ɗan ruwa kaɗan, wasu ma sai su je gidan motsa jiki su yi. Gidan Musulmi kuwa ba ya rabuwa da buta: alwala sau biyar, tsarki, wankan janaba, wankin yara. Bayan gidan da suka fi yayi a can busasshe ne, yana raba fitsari da bahaya, ana zuba masa garin katako ko ɓawon kwakwa, kuma an yi shi ne don masu amfani da takarda. Zuba masa ruwan buta kwana biyu ya lalace. Abin da ya fi kusa da bukatarmu a gida aka ƙirƙiro shi. Akwai Biofil, wanda injiniya Kweku Anno ya fito da shi, ƙaramin akwatin sumunti da ke tace ruwa ya bar tsutsotsi da ƙwayoyin halitta su cinye sauran. Akwai kuma kamfanin Clean Team, wanda ya fara aiki a unguwannin talakawan Kumasi fiye da shekara goma da suka wuce: ya ajiye maka mazauni mai bokiti a rufe, ma'aikatansa su riƙa zuwa suna canzawa, kai kuma ka biya kuɗin wata. An yi shi ne saboda yawan gidajen da ba su da masai, inda babba da yaro ke bin layin bayan gidan gwamnati da sassafe da kuɗi a hannu. Amma a duba da kyau: na farkon yana son ƙasar da za a kafa shi, na biyun yana son adireshin da za a riƙa samunka. Dukansu ba sa son gidan da ke yawo.

Girki ma haka. Kurfoti da gawayi a cikin rufaffiyar mota ajali ne, hayaƙinsa marar wari yana kashe mai barci. Tukunyar gas dole a yi mata akwati a waje, kuma garin da ya ga gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sannan abincinmu ba na lungu ba ne. Tuƙin tuwo yana son a zauna a kujera 'yar tsugunno a danne tukunya. Wake da shinkafar waakye suna son wuta mai daɗewa. Turmin sakwara ƙasa yake so, in an daka shi a kan daɓen mota, kafin wata guda ƙusoshin katakon sun saki. Duk yadda aka juya, murhu zai fita waje, igiyar shanya za ta fita waje, yara za su fita waje. Wannan wajen shi ne tsakar gida, kuma shi ne rabin gidan Bahaushe. Ɗaya rabin kuma sutura ce: zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, da katangar da ke kare matar gida daga idon mai wucewa. Ranar da saurayin nan da aka tsayar wa ranar aure ya je gaban iyayensa da wannan shawara, tambayar da mahaifiyarsa za ta yi masa ba ta inji ko sola ba ce. Cewa za ta yi, "Yanzu kai a nan za ka ajiye 'yar mutane? In ta haihu, ina za a dafa ruwan wanka, ina 'yan barka za su zauna?" Tambaya ce ta mai sanin abin da ake nufi da gida, kuma ban ga bidiyon da ya amsa ta ba.

Kada a ɗauka mutanen Zango baƙi ne ga zaman hanya. Har gobe direbobin da ke ɗauko albasar Galmi daga Nijar, ko tumatir da shanu daga Burkina Faso, suna yin makonni gidansu motarsu, tabarma a ƙarƙashin tirela, buta da tukunyar shayi a rataye, suna jiran takarda a iyakar Paga. Kafin su kuwa akwai fatake. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fata, su tsallaka Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da ke fitowa daga dajin Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Tafiya ce ta watanni zuwa, watanni dawowa. Madugu yana jagorancin ayari, jagaba yana gaba, uban dawaki yana riga su isa don ya shirya sauka. Kuma ga abin da nake so mai karatu ya riƙe: ayari bai taɓa sauka inda ya ga dama ba. Yana sauka ne a zango, fili a gefen gari wanda sarkin wurin ya yarda a sauka, kusa da ruwa, inda ake biyan haƙƙin mai ƙasa, ake samun abinci da ciyawa da tsaro. Sunan unguwarmu ke nan. Abin da mazaunin bas a Amurka ke nema kowace magariba yana duba waya, wurin da zai tsaya ba a kore shi ba, inda zai cika tanki ya zubar da ƙazanta, shi ne abin da kakanninmu suka tsara tun ƙarnoni suka ba shi suna. A filayen gwamnatin tarayya na can kwana 14 ake yarda mutum ya yi a wuri ɗaya, sannan ya ƙara gaba. Da hunturu dubbai kan taru a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona, kuma in ka duba abin da suke yi, zango ne suke kafawa.

Zangon Kumasi ya kafu ne bayan da hanyar ta sake. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, an kama Asantehene, sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya a 1896, yaƙin Yaa Asantewaa ya zo a 1900, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Fataken da a da ake tsayar da su a Salaga sai suka gangaro har gindin goro, suka haɗu da sojojin Hausawa da Turawa suka ɗauka aiki, da Mosawa, Dagombawa, Yarbawa, Zabarmawa da Wangarawa. Bukkar ciyawa ta koma ɗakin ƙasa, ɗakin ƙasa ya koma sumunti da kwano, aka yi Sarkin Zango, aka yi masallatai da makarantun allo. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan mutanen nan suna fafutukar a yarda cewa sun sauka, ba wucewa suke ba. Sun kuma ɗanɗana abin da ke faruwa in aka ƙi yarda. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden, manya biyu a Zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, dubban ɗaruruwa suka hau manyan motoci, ciki har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, suka bar gidajen da suka gina ko suka sayar da su a wulaƙance. Ina jin wani jikan waɗannan mutane in ya ga gida mai taya, wani abu yakan motsa a zuciyarsa, gidan da in an ce tashi sai ka tashi da shi. Na fahimci wannan. Amma darasin da dattawan da suka rage suka ɗauka daga 1969 daban ne: suka dage neman takardar ɗan ƙasa, suka dage neman takardar fili.

Fili kuwa a Kumasi na kujerar sarauta ne. Asantehene da sarakunan da ke ƙarƙashinsa ke riƙe da ƙasa a madadin jama'a, tsarin mulkin 1992 ya hana sayar da irin wannan ƙasa har abada, abin da ake ba ɗan ƙasa haya ce da takan kai shekara 99, baƙo kuwa ba ta wuce 50. A cikin tsohon Zango babu ma filin. Lungunan Aboabo da Sabon Zango wasu ko amalanke da ƙyar take ratsawa, balle mota mai ƙafa 40. Inda ka ga sarari, ko dai bakin rafin Aboabo ne da ke ambaliya da damina, ko gefen titi, inda wata safiya za ka tashi ka tarar ma'aikatan ƙaramar hukumar Asokore Mampong ko ta birnin Kumasi sun rubuta maka da jan fenti cewa a ɗauke, kamar yadda suke yi wa kiyos da kontena. Taya ba ta kare ka daga wannan, sai ma ta sauƙaƙa wa mai jan ka.

Duk da haka ban ce a yar da dabarar ba, domin akwai wurin da ta zauna daram. 'Yan Zango da yawa sun karɓi filaye a bayan gari, wajen Parkoso, Kenyasi, Abirem da Mamponteng. Takardar da sarki ke bayarwa takan zo da sharaɗin a fara gini cikin ɗan lokaci, kuma filin da aka bari ba kowa yana jawo mai shigar gona da rigimar sayarwa sau biyu. Mai filin yana can cikin gari yana zuba kuɗin shekara biyu-biyu a aljihun wani, ginin nasa kuma ya tsaya a harsashi. Wannan mutumin ne bas zai yi wa rana. Ko a Amurka haka ta faru. A 1971 wani malami mai suna Stephen Gaskin ya jagoranci ayarin tsofaffin motocin makaranta daga San Francisco da mutane kimanin 300, suka je jihar Tennessee suka sayi gona kusa da Summertown, suka zauna a cikin motocin da tantuna har suka gina gidaje. Ƙauyen da suka kafa yana nan har yau.

Irin wannan mutum ba ya bukatar motar da ke tafiya. Gangar jiki mai lafiyayyen rufi ta ishe shi, a ja ta sau ɗaya a kai ta filin. A ɗora ta a kan tubalan sumunti yadda ruwa zai wuce ta ƙasa iska ta bi, a karkata ta gabas maso arewa, a kafa mata rumfar kwano da ta zarce ta ta gefe ɗaya don a samu inuwar girki da zama. A kewaye da zana ko kwano a fitar da tsakar gida, a bar ɗan wuri a bakin ƙofa inda baƙo zai yi sallama ya jira. Tayoyin shida a sayar. Injin kuma, in yana da sauran rai, ba zai kwana biyu a Magazin bai samu mai saye ba, kuɗinsa a fara da ramin masai da tankin ruwa, abin da ya rage a sayi sumuntin buga bulo na farko a jera shi a inuwar motar.